Tambayar da Sista ke Tsallakewa

Sista ba ta iya shiru ba. Kowa a asibitin ya san haka, tun daga mai gadi har likitan da ke duba mata. Ko allura za ta yi wa jariri sai ta tsokani uwar, ta tsokani kakar, ta haɗa har da uban da ke raɓe a bakin ƙofa yana juya makullin babur. Kafin yaro ya gane an soke shi, layi gaba ɗaya ya kwashe da dariya. Saboda wannan bakin nata ne, da aka kawo shirin rage damuwa ga masu ciki da masu jego, ba a yi dogon tunani ba aka ce ita za ta riƙe zaman.

Sai da aka ba su horo tukuna. Malamar da ta koya musu mace ce mai sanyin magana, irin wadda sai ka matso kafin ka ji ta. Ta raba musu littafi mai koren bango, ta ce a bi shi yadda yake, kada a ƙara gishiri, kada a rage komai. Kowane zama ana farawa da jan numfashi a hankali, a yi darasin ranar, sannan a rufe da tambaya guda wadda ba ta canzawa. Mai jagorantar zaman za ta fara gaya wa matan cewa iyaye da yawa wani mugun tunani kan faɗo musu game da jaririnsu, tunanin da ba su kira ba kuma ba sa so, kuma wannan bai mai da uwa muguwa ba. Daga nan ta ce, "Akwai wadda wani tunani ke tsorata ta, ta kasa gaya wa kowa?"

"In kun yi tambayar, ku rufe bakinku," in ji Malama. "Ku ɗora hannu a cinya ku jira. Za ku ji kamar rufin ɗakin zai faɗo muku, ku dai jira. Wadda za ta yi magana a cikin shirun nan take tattara ƙarfinta." Tana faɗa tana kallon Sista, aka yi dariya, har da ita Sistar.

Tsakani da Allah, ta gwada. A rukuninta na farko ta yi tambayar, ta ɗora hannu a cinya. Ɗakin da aka ba su shi ne na awon jarirai, ga sikeli a kusurwa, ga kwalayen magani an jera har kusa da taga, ga fanka da ke ƙara duk juyi. Mata goma sha wani abu suka zuba mata ido, ita ma ta zuba musu. Fanka na ta ƙara. A waje masu jiran rigakafi sun fara ƙwanƙwasa ƙofa. Wata mai ciki ta gyara zama, kujerar roba ta yi wani irin kuka, sai Sista ta ce, "To, kujera dai ta faɗi damuwarta, saura ku." Ɗakin ya fashe da dariya, ita kuma ta ji kamar an sauke mata buhu daga ka.

Mako na gaba ta yi tambayar da sauri, ta amsa wa kanta da "Babu ko? Madalla." Na gabansa ba ta yi ba sam. Jan numfashin ma ya koma sau biyu a gurguje, don ta lura matan hamma suke yi. Ta gaya wa kanta cewa waɗannan bayin Allah da damuwa suka kwana, da ita suka tashi, ba sai an tara su a ɗaki an sake tono musu ita ba. Su yi dariya su tafi gida, ai shi ma magani ne. Kuma wa zai ce ta yi laifi? Zamanta ya fi na kowa cika. A wasu asibitocin roƙon mata ake yi su zo, a nata kuwa sai an aro benci daga ɗakin magani. Sista tana jin daɗin wannan, ba ta ma ɓoyewa.

A rukuni na uku ne aka samu mace ɗaya da ta zo da magana a bakinta, kuma kowace Laraba da ita take komawa gida.

Yarinya ce siririya, haihuwar fari, mijinta direban babbar mota ne da kan yi kwanaki a hanya. Yayarta ce ke rako ta. A zaman farko ita ta riƙe ɗanta a cinya, ta rungume shi da hannu biyu ƙam. Bayan mako biyu sai Yaya ce ke shigowa da shi, ta ɗora mata a cinya, in an tashi ta ɗauke. Daga baya ma Yaya ta daina shigowa, sai ta zauna a bencin waje da yaron, uwar ta shigo hannu na dukan cinya. Idon Sista ba ya barin irin wannan ya wuce.

"Ku tashi ku gaida Gimbiya," ta ce wata rana da yarinyar ta shigo. "Mu nan mun haihu mun goya har bayanmu ya lanƙwashe, ita kuwa an ɗaukar mata ma'aikaciya. Ƙanwata, Yayar nan taki ba ta da ƙanwa ta biyu? Ni ma ina so."

Aka yi dariya. Yarinyar ma ta yi murmushi, ta sunkuyar da kai. Sunan ya bi ta. Maman 'Yan Biyu, wadda ta fi kowa surutu in aka cire Sista, har kujera take share mata da gefen mayafi tana cewa, "Ranki ya daɗe, a zauna lafiya."

Sau biyu Gimbiya tana tsayawa bayan an tashi. Na farko ta taya Sista jera kujeru, ta jera su har ta sake jerawa, sannan ta ce, "Sista, wai dama..." Daidai nan aka leƙo aka ce ana neman makullin firjin rigakafi. Sista ta ce, "Ina zuwa, ƙanwata," ta fita, da ta dawo ba kowa. Na biyun Sista ce da kanta ta tare ta. Ta ga idon yarinyar ya faɗa, ta ce, "Rashin barci ne, duk mun yi shi. Ki riƙa kwanciya in ya kwanta. Ke da kike da Yaya ma? Kada ki sa mu ji haushinki." Gimbiya ta ce to, ta gode.

Ana saura zama biyu rukunin ya ƙare, Malama ta bugo waya. Ta ce tana zagaya asibitoci tana ganin yadda ake gudanar da zaman, ba don kama kowa ba, don a san ko abin da aka koyar shi ake yi. Laraba za ta zo wurin Sista. "Na ji labarin ɗakinki ba ya ɗaukar mutane," in ji ta. "Ina ɗokin gani."

Da safiyar Larabar Sista ta zo da wuri, ta zaro littafin daga ƙarƙashin kwalin safar hannu, ta kaɗe ƙura, ta zauna a kan teburin awo tana bita kamar ɗalibar da jarrabawa ta rutsa. Ta haddace kalmomin da ake faɗa kafin tambayar, da waɗanda ake faɗa in wata ta amsa, ko da yake ta tabbata ba wadda za ta amsa. Da matan suka taru, kafin baƙuwar ta iso, ta ce musu, "Yau muna da babbar baƙuwa, don haka na littafi za mu yi. Kowa ta kama kanta. Maman 'Yan Biyu, ke nake nufi."

"Ni da ba na magana?" in ji Maman 'Yan Biyu.

Malama ta shigo, ta gaida kowa, ta ja kujera can bayan sikeli ta zauna. Aka yi jan numfashi cikakke, har wata mai tsohon ciki ta fara gyangyaɗi. Aka yi darasi a kan yadda uwa za ta nemi taimako a gida ba tare da jin ta gaza ba. Sista ta yi shi tsaf, don dama ba rashin iyawa ke damunta ba. Sai aka zo wurin. Ta faɗi kalmomin da ta haddace, muryarta na yi mata baƙo a kunne. Ta yi tambayar. Ta ɗora hannu a cinya.

Shiru ya sauka. Matan suka kalli juna, suna jiran inda wasan zai ɓullo. Maman 'Yan Biyu ta danne dariya da mayafi. Barkwanci har uku suka zo wa Sista a baki, kowanne ya fi na gabansa daɗi, ta haɗiye su saboda matar da ke bayan sikeli. A ranta tana cewa, kaɗan ya rage, in ya isa yadda Malama za ta gamsu sai in rufe. Har ta buɗe baki za ta yi godiya.

"Ni ce."

Gimbiya ce. Ba ta ɗago kai ba, yatsunta take kallo.

"Gidan sama muke. In na ɗauke shi na tsaya a bakin matakala, sai in ga na sake shi. Ina ganin abin ƙarara, hannuna ya buɗe, shi yana gangarawa. In zan yi masa wanka sai in ga na danna kansa cikin ruwa. Wallahi ba na so. Wallahi ina son ɗana." Ta tsaya ta ja numfashi. "Wuƙaƙen kicin duk na ɗaure su a leda na jefa saman kabad. Sai na ga gara kawai in daina taɓa shi. Na ce wa Yaya bayana ke ciwo. Tun ina ba shi nono a kwance tana kusa, har nonon ya ɗauke, yanzu madara take ba shi. Ƙarshen watan nan za ta koma gidanta, mijinta ya gaji, yaranta na can. Babansa kuma yana hanya. Daga ni sai shi za a bari a saman nan." Sai a lokacin ta ɗago. "Na ji tsoro in faɗa a ce na haukace, a ƙwace shi. Amma da kika ce wasu ma suna ji... Da gaske ne, Sista? Ko dai a littafi ne kawai?"

Ba wanda ya motsa. Kalmar nan ta Gimbiya, wadda Sista ta raɗa da kanta, ta dawo mata a kunne da muryarta, da dariyar da ta biyo baya, da kujerar da ake sharewa. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun da ta sa farin kaya. Da ba ta haddace amsar da safe ba, da ba ta san abin da za ta ce ba.

"Da gaske ne," ta ce. "Na gode da kika faɗa. Tsoron da abin ke ba ki shi ke nuna ba halinki ba ne. Sananniyar damuwa ce, ana samun sauƙinta, kuma ba wanda zai ƙwace miki ɗa don kin faɗa. Yau ɗin nan za mu ga likita tare."

"Ni ma na yi," in ji Maman 'Yan Biyu. Duk aka juya. Ba dariya a fuskarta ko kaɗan. "A haihuwata ta fari. Taga ce tawa. Na daɗe ban kusanci taga da shi a hannu ba. Ban taɓa gaya wa ko mahaifiyata ba." Ta jawo kujerarta kusa da yarinyar. "Ki yafe mini share kujerar nan, ƙanwata. Ban sani ba."

Sista ta ji wannan ma. Ita ya kamata ta fara faɗa, amma Malama na zaune, kuma in ta nemi gafarar suna, sai an tambayi sauran, har a gano tana tsallake tambayar.

Da aka tashi, Maman 'Yan Biyu ta riƙe hannun yarinyar suka fita wurin Yaya. Malama ta taso daga bayan sikeli, idonta ya yi ja, ta kama hannun Sista da hannu biyu.

"Kin ga abin da nake gaya muku?" ta ce. "Irin wannan ba ta fitowa a zama ɗaya. Sai ta ji tambayar mako bayan mako, ta ga ba a gaji da jiranta ba, sannan ta yarda. Haƙurinki ne ya fito da ita. Ni da na zaci ke ce za ki fi ba ni wahala da bakin nan naki."

Ga ƙofa a buɗe, kalma biyu kawai za ta faɗa. Sista ta kalli sikeli, ta kalli kwalaye, ta ce, "Aikin Allah ne, Malama."

"Wata mai zuwa zan kawo sababbin da muke horarwa su zauna a bayanki su gani. A wurare da yawa tsallake tambayar nan suke yi, wai tana ɓata wa mata rai." Malama ta girgiza kai, ta ɗauki jakarta. Sista ta raka ta har bakin mota, tana amsa godiya, kowace godiya na ƙona ta.

Ta dawo ta sami yarinyar da Yaya a dogon bencin da ke gaban ofishin likita. Maman 'Yan Biyu ta tafi ɗauko yara daga makaranta. An riga an gaya wa Yaya, don fuskarta a jiƙe take, tana jijjiga yaron a kafaɗa tana faɗa a hankali.

"Wata nawa ina gidanki? Ni ba 'yar uwarki ba ce? Ina ta shafa miki man zafi a baya, ashe lafiyar bayanki ƙalau. Da na sani ai da ban riƙa karɓe shi ba."

"Yi haƙuri, Yaya."

"Haƙurin me? Ni ce zan ba ki haƙuri."

Sista ta leƙa ta gaya wa likita abin da ke tafe da su, ya ce su ba shi ɗan lokaci ya sallami wadda ke ciki. Ta dawo ta zauna a gefen yarinyar. Ta rasa da wane suna za ta kira ta, don na katin asibiti ya ɓace mata tuntuni, na tsokanar kuma ba zai sake fita daga bakinta ba.

"Ƙanwata," ta ce, "ko za ki karɓe shi kaɗan? A zaune kike, ga ni ga Yaya."

Yarinyar ta goge tafin hannunta a zani, ta miƙa. Yaya ta ɗora mata shi a cinya a hankali. Yaro ne mai ƙiba, mai manyan idanu. Ya kalli fuskar da ke samansa, ya juya ya nemi Yaya, ya taɓe baki, sai ya tsala kuka yana banƙarewa. Uwar ta jijjiga shi, ta kira shi da ɗan sunan da take kiransa, ta kwantar da shi a ƙirji. Kukan ya ƙaru, har masu jira a ɗaya bencin suka fara leƙowa. Yaya ta daure, ta daure, ta kasa, ta karɓe shi. Yana jin kafaɗarta ya yi shiru, sai ajiyar zuciya.

"Zai saba," in ji Yaya da sauri. "Yaro ne. Kwana nawa ne?"

Uwar ta bar hannuwanta a buɗe a cinya. Can ta juyo wurin Sista, ba fushi a fuskarta, sai gajiya da wata irin godiya da ta fi zagi ciwo.

"Allah ya saka da alheri, Sista. Da ba a yi tambayar nan yau ba, ban san yadda ƙarshen watan nan zai same ni ba." Sannan ta ce, "Baƙuwar nan ce ta kawo muku ita? Sabuwa ce aka ƙara?"

Ƙaryar a shirye take, yarinyar da kanta ta miƙo ta. In Sista ta ce e, ba mai ƙaryata ta, Malama ta yi nisa, Yaya ba ta san komai a kai ba.

"A'a," ta ce. "Ba sabuwa ba ce. Kowane zama ya kamata in yi ta. Ni ce nake tsallakewa."

"Har ranar da na fara zuwa?"

"Har ranar."

Yaya ta daina jijjiga yaron. Yarinyar ta daɗe tana kallon Sista, kamar tana jiran a ce wasa ne, tunda daga wannan bakin kullum wasa ke fitowa. Da ta ga ba wasa, sai ta mai da idonta kan ɗanta, wanda ya lafe a wuyan Yaya yana tsotsar hannu.

"Lokacin yana yarda da ni," ta ce. "In na ɗauke shi shiru yake yi."

Ƙofar ofis ta buɗe, likita ya ce su shigo.